Daga Agoro Zuwa Alƙahira: Gyaran Da Matafiyanmu Ke Bari A Filin Jirgi

Tudun Wadar Zariya unguwar matafiya ce tun daga tushenta. A farkon zamanin mulkin mallaka aka yanke ta a bayan ganuwar Birni domin baƙin da suka zo daga sauran sassan Arewa, kamar yadda aka keɓe Sabon Gari, can ƙetaren rafin Kubanni, ga mutanen Kudu da aikin jirgin ƙasa ya kawo. Shi ya sa da wuya ka zauna a wani zaure tsakanin Ƙofar Doka da Agoro ba ka ji labarin ƙaura ba. Wannan kakansa Bakatsine ne da fatauci ya kawo, wancan Banufe ne da ya biyo malaminsa, na gaba da shi kuwa daga Borno iyayensa suka taso. Unguwa ce da ta saba da ɗaure kaya da kwance su.

Har gobe halin yana nan, abin hawa ne kawai ya sauya. Malaman harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello suna fita tarukan ƙara wa juna sani. Likitocin asibitin koyarwa suna tafiya ƙarin horo. 'Yan kasuwa na zirga-zirga zuwa Dubai da Alƙahira da ƙasar Sin, ɗalibai na tafiya Masar da Indiya da Malesiya, ga kuma masu Umara da ke cika jirage duk watan azumi. A sararin samaniyar garin kuwa, ƙananan jiragen Kwalejin Horon Matuƙa Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964, suna shawagi safe da yamma. Abin mamakin shi ne, garin da ke koya wa Najeriya tuƙin jirgi ba shi da jirgin fasinja da ke tashi daga cikinsa a kai a kai. Mai tafiya waje sai ya fara kama hanyar mota: Kano, mai nisan kimanin kilomita 160, ko kuma Abuja ta Kaduna.

Duk waɗannan matafiya suna biyan kuɗi mai nauyi, musamman tun daga watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nema wa kanta daraja, dalar da ake samu a kan kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Amma mafi yawansu suna sauka daga jirgi su bar wani haƙƙi nasu a baya. Rashin sani, in ji Hausawa, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami. Wannan haƙƙi shi ne makin tafiya, kuma a kansa nake so mu yi nazari tare da mai karatu.

Mene ne makin tafiya?

Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a kasuwar Tudun Wada ya san gyara. Bayan an gama ciniki, mai kaya zai ƙara maka 'yan ƙwayoyi, domin gobe ka wuce rumfuna biyar ka zo tasa. Kamfanonin jiragen sama wannan dabarar suka ɗauka suka sa mata lissafi. A 1978 Amurka ta janye hannun gwamnati daga ƙayyade farashin tikiti, gasa ta yi zafi, sai kamfanin American Airlines ya fito da shirin AAdvantage a 1981. Ka'idar mai sauƙi ce: ka buɗe asusu kyauta, a ba ka lamba, duk tafiyar da ka yi a rubuta maka maki, in ya taru ka musanya shi da tikiti.

A tsari na asali, nisan tafiya ake aunawa da mil. Daga Kano zuwa Jidda kimanin mil 2,100 ne, zuwa Adis Ababa ma kusan haka, zuwa Alƙahira kuwa kimanin 1,900. Sai dai ba kowane tikiti ke kawo cikakken adadin ba. Kowane tikiti yana ɗauke da wani harafi da ke nuna rukunin farashinsa, kuma mai araha yakan kawo rabi ko rubu'i, wani ma ba ya kawo komai. Kujerun jirgin shata, irin na jigilar alhazai, galibi ba sa cikin lissafi. Wasu kamfanonin kuma, musamman na Turai da Amurka, sun koma auna maki da yawan kuɗin da aka biya. Haka nan akwai maki iri biyu da ake yawan cuɗawa: wanda ake kashewa a karɓi tikiti, da wanda ke ɗaga darajar matafiyi har a ƙara masa nauyin kaya ko a shigar da shi ɗakin hutun manyan baƙi. Na farkon ne abin maganarmu.

Kada mai karatu ya ɗauka sadaka ce. Lokacin annobar korona a 2020, kamfanin United ya jinginar da shirinsa na maki ya karɓi bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma ya karɓi biliyan 9 da nasa. Abin da za a jinginar a kan irin wannan kuɗi babbar kadara ce. Kuɗin gyaran yana cikin farashin tikitin da ka riga ka biya, kuma duk makin da ya mutu ba a kashe shi ba riba ce ga kamfani.

Ƙawance, da abin da ya shafi Kano

Fataken da suka riƙa safarar goro daga Gwanja ba su da gida a kowane zango. Abin da suke da shi shi ne sanayya: maigidan da ya sauke ka a wannan gari yana da amini a gari na gaba, kuma mutuncin da ka tara a wurin na farko yana yi maka amfani a wurin na biyu. Kamfanonin jirage ma haka suka yi, domin babu ɗayansu da zai iya zuwa ko'ina. A watan Mayun 1997 kamfanoni biyar, cikinsu har da Lufthansa da United, suka kafa ƙawancen Star Alliance. A 1999 aka kafa oneworld, a 2000 kuma SkyTeam. Ɗan kowane ƙawance yana karɓar makin ɗan'uwansa.

A nan ne labarin ya zo ƙofar gidanmu. Manyan kamfanonin waje da suka riƙa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano a 'yan shekarun nan sun haɗa dukkan ƙawancen uku. EgyptAir ya shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian Airlines ya bi shi a 2011. Saudia yana cikin SkyTeam tun 2012. Qatar Airways, wanda ya fara zuwa Kano a watan Maris na 2022, ɗan oneworld ne tun 2013. A Abuja kuma akwai Lufthansa da Turkish Airlines na Star Alliance, da Air France na SkyTeam, da British Airways na oneworld.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, ɗan kasuwar da ke bin Ethiopian zuwa Sin yana iya tara makinsa a shirin ShebaMiles, ya karɓi tikitin EgyptAir ko na Turkish da shi. Malamin da ya je Faransa da Air France yana iya neman kujerar Saudia zuwa Jidda da makinsa na Flying Blue. Wanda ya je Landan da British Airways kuwa nasa ya fi sauƙi, domin tun 2022 Qatar Airways ya koma amfani da maki iri ɗaya da na British Airways, mai suna Avios, kuma ana iya juya shi daga wannan asusu zuwa wancan ba tare da ragi ba.

Babbar ka'idar ita ce a tara a tukunya ɗaya. Wanda ya buɗe asusu huɗu a kamfanoni huɗu na ƙawance guda ya raba hatsinsa a rumbuna huɗu, kowanne bai isa tuwon dare ba. Ka zaɓi shiri ɗaya a cikin ƙawancen da ka fi hawa, ka riƙa ba da lambarsa ko da jirgin ɗan'uwansa ka shiga. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu, domin a Amurka mutane da yawa daga sayayya da katin bashi suke tara maki ba tare da sun taka filin jirgi ba, mu kuwa kusan duk abin da za mu tara daga zaman kujerar jirgi yake fitowa.

Yadda tafiya ɗaya ta kasance

Na jarraba wannan hanya a wata tafiyar bincike zuwa Masar. Makin ya taru ne daga tarukan ilimi da na halarta a gabashi da kudancin Afirka cikin 'yan shekaru, duk ta Adis Ababa. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne neman kujera, domin jirgi yana iya zama rabinsa wayam amma babu kujerar maki ko ɗaya. Kamfani yana ware 'yan kujeru ne kawai, kuma waɗanda ya sake wa abokan ƙawancensa su ne kaɗai za ka iya kamawa. A Star Alliance harafin X ne alamar kujerar maki ta gama-gari, I kuma ta kujerar alfarma. Galibi ana buɗe sayar da kujeru tun saura kimanin watanni goma sha ɗaya, saboda haka mai son kwanakin da kowa ke rububi, kamar goman ƙarshe na azumi ko hutun Disamba, sai ya yi sammako. Ni kwanakin tsakiyar mako na zaɓa, a lokacin da ba na cunkoso ba, na kuma yarda ranar tafiya ta bi kujera maimakon kujera ta bi ranar.

Bayan an fitar da tikiti, akwai abu biyu da ya kamata a riƙe. Na farko lambar tikitin ce mai alƙaluma 13, wadda ukun farkonta ke nuna kamfanin da ya fitar da shi: 071 na Ethiopian ne, 077 na EgyptAir, 235 na Turkish, 157 na Qatar, 065 na Saudia. Na biyu lambar ajiyar kujera ce ta kamfanin da zai ɗauke ka, wadda wani lokaci takan bambanta da ta wanda ya ba ka tikitin. Ka nemi wannan lamba, ka shiga shafin mai jirgin ka ga sunanka da idonka. In aka sauya jadawali kafin ranar tafiya, wanda ya fitar da tikitin za ka nema. Ranar tafiya kuwa, mai jirgin ne ke da alhakinka.

Sashen tafiyar da maki ba ya biya shi ne na farko. Daga Agoro sai Kwangila, daga nan mota ta miƙa ta Tashar Yari da Kwanar Dangora da Kura, ta faɗa cunkoson Na'ibawa, sannan a ratsa Kano zuwa filin jirgi. In hanya ta yi gardama, lokacin da za ka ci tsakanin Zariya da ƙofar jirgi yakan kusa kamo na tsakanin Kano da Alƙahira, wanda awa huɗu ne da 'yan kai. Mai tikitin maki ya fi kowa bukatar isa da wuri, domin in jirgi ya bar shi, samun wata kujerar makin a washegari ba abin dogaro ba ne.

Hanyar kanta tsohuwa ce. Jiragen saman da suka fara sauka a Kano, a watan Nuwamba na 1925, guda uku ne na sojan Ingila, kuma daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso. Kafin su da ƙarnoni, masanin tarihin Masar al-Maƙrizi ya ruwaito cewa mutanen Kanem sun gina makaranta da masauki a Alƙahira a ƙarni na 13 domin ɗalibansu da alhazansu. Hamadar da ayari ke ratsawa cikin watanni, ka gan ta ta taga tana shuɗewa tsakanin cin abinci da gyangyaɗi. Da safe ina cikin ɗakin karatu na Darul Kutub, wanda aka kafa a 1870, ina duba rubuce-rubucen da suka kai ni.

Ramukan da ke kan hanya

Tikitin maki ba kyauta ba ne ɗungurungum. Za ka biya harajin filayen jirgi, kuma wasu kamfanonin suna ɗora wani caji nasu da aka fi sani da kuɗin mai, wanda kan yi nauyi har ya cinye ribar. Kafin ka kashe maki, yi lissafi. A ƙaddara tikitin kuɗi naira miliyan ɗaya ne, na makin kuma yana neman maki 50,000 da harajin naira 250,000. Ke nan makinka ya tsare maka naira 750,000, kowane ɗaya ya tashi a kan naira 15. In ka gwada wata hanyar ka ga ya tashi a kan naira 6, ka san inda ya fi dacewa ka kashe shi. Biyan harajin ma yana bukatar shiri, domin a 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a shafukan waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Katin asusun dala ko ofishin kamfanin a Kano ko Abuja sukan warware matsalar.

Maki kuma yana mutuwa. Na Miles & More na Lufthansa yana ƙarewa bayan watanni 36 ga mai asusu na gama-gari, Avios na British Airways kuma yana ɓacewa in asusun ya yi watanni 36 babu shiga babu fita. Ko bai mutu ba, darajarsa tana hannun wanda ya ƙirƙire shi. A watan Fabrairun 2024 Turkish Airlines ya ɗaga adadin makin da ake bukata a hanyoyi da dama, masu ajiya suka wayi gari abin da ke hannunsu ya ragu. Mu da muka ga abin da ya sami naira ba ma bukatar dogon bayani a kan kuɗin da wani ke iya rage wa daraja da alƙalami. Maki ba abin adanawa ba ne. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sai batun suna. Yawancinmu muna da Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, sunan gari a fasfo, sunan mahaifi a katin banki. In sunan asusu bai yi daidai da na tikiti ba, makin ba zai shiga ba. Ka buɗe asusun da ainihin rubutun da ke fasfonka, ka ba kamfanin da ke yanka maka tikiti lambar, ka kuma adana katin shiga jirgi. In makin bai shiga ba, ana iya nemansa daga baya, wasu cikin watanni shida, wasu cikin shekara.

Akwai kuma biza. Na'ura tana iya nuna maka kujera mai sauƙin maki ta Landan ko Frankfurt, alhali mai fasfon Najeriya yana bukatar bizar ya da zango a Ingila da ƙasashen Schengen ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana riƙe da wasu takardun da suka ɗauke masa. A ƙarshe, a yi hattara da dillalan da ke tallar tikiti mai arahar ban mamaki a WhatsApp. Sayar da maki ya saɓa wa ka'idar kusan dukkan shirye-shiryen, wani lokaci ma makin sata ne, kuma kamfani na iya soke tikitin kana tsaye a layi da kayanka. Abin da shirye-shirye da yawa suka halatta shi ne ka fitar wa wani tikiti daga asusunka kyauta. Ta wannan ƙofa ɗa zai iya kai mahaifiyarsa Umara da gyaran tafiye-tafiyen kasuwancinsa.

Makin na wane ne?

Ga tambayar da mu ma'aikata ba mu cika son ji ba. In jami'a ko wata hukuma ce ta biya tikitin, wa ke da gyaran? Yaron da aka aika kasuwa ya san amsar da zai samu a gida in ya cinye gyaran a hanya. Ƙasashe sun bambanta a kan wannan. A Jamus, a 2002, badaƙalar amfani da makin tafiyar aiki wajen tafiyar ƙashin kai ta sa Gregor Gysi ya ajiye muƙaminsa na mai kula da tattalin arzikin birnin Berlin, kuma a 2006 babbar kotun ƙwadago ta ƙasar ta yanke cewa mai biyan tikiti yana da ikon neman a yi amfani da makin wajen aikinsa. Amurka kuwa, a ƙarshen 2001, ta yi dokar da ta bar wa ma'aikatan gwamnatin tarayya nasu. Ra'ayina shi ne jami'o'inmu da ma'aikatunmu su rubuta matsayinsu a fili. Kafin su rubuta, abin da ya fi kwanciyar rai shi ne makin da aka tara da kuɗin aiki ya koma tafiyar aiki, kamar bincike ko taron da ba a samu mai ɗaukar nauyinsa ba. A lokacin da kuɗin halartar taro ke ƙaranci, wannan kaɗai zai iya kai ƙaramin malami inda albashinsa ba zai kai shi ba.

Giɓin da ya rage

Duk sunayen da na lissafa a sama babu na Najeriya ko ɗaya. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, kuma har yau babu kamfaninmu da ke cikin ɗaya daga ƙawancen nan uku. Wasu na cikin gida suna da shirin maki, amma abin da ka tara tsakanin Kano da Abuja da Legas ba ya buɗe maka ƙofar waɗannan ƙawance. Haka baƙon da ke da maki a Jakarta ko Toronto ba zai iya ƙarasawa da shi Sakkwato ko Maiduguri a jirginmu ba. Amincin matafiyanmu, wanda muka ga yadda ake jinginar da irinsa a kan biliyoyin daloli, yana taruwa ne a Adis Ababa da Doha da Istanbul. Mu dubi Habasha. Abin da ta yi shi ne ta riƙe kamfani ɗaya tun 1946, ta kiyaye lokaci da ka'idojin lafiyar jirgi, har manyan duniya suka yarda su haɗa lissafi da ita. Ƙasar da ta shafe sama da shekara sittin tana yaye matuƙa a Zariya ba ta da hujjar kasa yin haka.

Wannan aikin hukumomi ne da masu zuba jari, kuma zai ɗauki lokaci. Na matafiyi kuwa bai wuce na minti goma ba. Kafin tafiya ta gaba, ya duba jirgin da ya fi hawa, ya gano ƙawancensa, ya buɗe asusu ɗaya da sunan da ke fasfonsa, ya kuma tabbatar lambar ta hau tikiti. Kuɗin gyaran an riga an karɓa a hannunsa, saura ya miƙa hannu ya karɓi abinsa.